Wasiyya ga 'Yan'uwa a kan Jinyar Mara Lafiya a Cikin Gida

Da sunan Allah muke farawa, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci lafiya da cuta, ya sanya rauni a farkon ɗan Adam da ƙarshensa, domin kada wani bawa ya zaci ya wadatu ga barin ɗan'uwansa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Amma bayan haka, sababin rubuta wannan 'yar takarda wata tambaya ce da ta zo mana daga wani ɗan'uwa cikin 'yan'uwanmu na Kwanyawa, a ƙasar Karaye. Ya ce mahaifinsa ya faɗi a gona da shanyewar ɓarin jiki, aka kai shi asibiti a Karaye, daga can aka wuce da shi Kano, ya yi kwanaki, sa'an nan likitoci suka ce abin da asibiti zai yi ya yi, saura na gida. Yanzu wata na 7 ke nan yana kwance, ba ya tashi sai an tashe shi, ba ya ci sai an ba shi, ba ya riƙe fitsari. Shi mai tambayar yana Kano yana neman abinci a Kantin Kwari, da abin da yake samu ake sayen magani da hatsi. Ƙaninsa yana Legas. Jinya ta faɗa a kan mata biyu, mahaifiyarsa wadda ita ma tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, da matarsa mai goyo. Ya yi nufin ya ɗauki wani malamin asibiti ya riƙa zuwa gida, da wani saurayi mai ƙarfi ya riƙa kwana wurin tsohon, yana biyansu. Sai baffanninsa suka ce wannan abin kunya ne, ɗan halak ba ya miƙa ubansa ga bare, in yana neman albarka ya rufe shago ya komo gida. Ya ce: "Malam, in na komo babu kuɗin magani, in na zauna zuciyata ba ta kwanciya, ko wuridina ba na jin daɗinsa. Ina mafita?"

Muka ga tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai, babu unguwa daga Karaye har Rogo da ba ta da irin wannan gida. Sai muka nemi taimakon Allah muka rubuta amsa a cikin fasali 6 da cikawa.

Fasali na farko, a kan ma'anar jinya da wanda ta hau kansa

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah ya datar da mu da kai, Hausawa sun kira wanda ke kwance mai jinya, sun kira wanda ke zaune a gefensa mai jinya. Sukan ce wane yana jinya, sukan ce wance tana jinyar wane. A cikin wannan akwai abin lura, domin ciwo idan ya daɗe mutum biyu yake kamawa, ɗaya a kan tabarma, ɗaya a bakin tabarma. Wanda ya tuna da na farko ya manta da na biyu, rabin ciwon ya gani.

Kuma ka sani mafi yawan jinya a ƙasarmu a cikin gida ake yinta. Asibiti masauki ne na kwanaki, amma cututtuka masu daɗewa, kamar shanyewar ɓarin jiki wadda hawan jini ne babban sababinta, da ciwon suga, da ciwon daji, da karayar ƙugu ga tsofaffi, da ruɗewar tsufa, dukansu a ɗaki suke ƙarewa, wata da watanni, wani lokaci shekara da shekaru.

Amma wanda ta hau kansa, malamanmu na mazhabar Imamu Malik sun tabbatar cewa ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, namiji ne ko mace, kowa gwargwadon wadatarsa. Kuma kula da mara lafiyar da ba shi da kowa farilla ce ta kifaya, idan wasu suka tsaya da ita ta faɗi a kan saura, idan duka suka bari duka sun yi laifi. Ke nan nauyin yana farawa daga 'ya'ya, ya gangara ga dangi, sa'an nan maƙwabta, sa'an nan jama'ar gari da masu iko. Babu inda aka ce ya tsaya a kan mace guda a cikin ɗaki, sauran mutane suna wucewa suna cewa sannu.

Fasali na biyu, a kan matsayin jinya a wurin magabata

Ka duba al'amarin Sayyidina Usmanu ɗan Affan, Allah ya yarda da shi. A shekara ta 2 bayan hijira aka fita zuwa Badar, matarsa Nana Ruƙayya 'yar Manzon Allah tana kwance ba lafiya. Aka bar shi a Madina domin jinyarta, sa'an nan aka ba shi rabonsa na ganima, aka lissafa shi cikin mutanen Badar, alhali bai zare takobi ba. Ka ga namiji ne, kuma attajiri ne, amma shi aka zaunar a bakin shimfiɗa. Wanda ya ce jinya aikin mata ce, sai ya nemi amsar wannan.

Ka duba Uwaisu Alƙarni na ƙasar Yaman, wanda mutanen tafarki ke ambato da girmamawa. Ya yi zamani da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai samu ganinsa da ido ba, hidimar mahaifiyarsa ta riƙe shi. Duk da haka aka yi wa manyan sahabbai wasiyya da neman addu'arsa. Kuma a cikin fiƙihunmu, jinyar makusanci wanda babu mai tsaya masa tana cikin uzurorin da ke halatta barin zuwa Juma'a. Kadan farillar Juma'a ta yi wa jinya rangwame, to, ya kai muridi, kada ka bar tsohonka cikin najasa domin kada a rasa ka a wurin wazifa ko da'irar zikiri. Abin da kake nema a zawiya yana jiranka a ɗakin.

Sa'an nan ka duba ƙissa ta uku, ita ce mabuɗin mas'alarmu. A shekara ta 5 bayan hijira, a yaƙin Handaƙ, kibiya ta samu Sa'adu ɗan Mu'azu, shugaban ƙabilar Ausu. Yana da dangi masu yawa, mahaifiyarsa tana raye. Amma aka sanya shi a hemar Rufaida, wata mace wadda ta san jinyar masu rauni, hemar tana a masallaci, domin Manzon Allah ya riƙa duba shi daga kusa. Ka lura da abu biyu da suka haɗu a nan. An miƙa raunin ga hannun da ya iya, ba a ce abin kunya ne ga Ausu ba. Kuma an ajiye shi kusa, domin masoyinsa kada ya yanke zuwa.

Fasali na uku, a kan ɗaukar mai jinya da lada

Ka sani jinya ta kasu kashi uku. Kashi na farko aikin sani, kamar awon jini, da awon suga, da wanke gyambo, da sauya robar fitsari, da yin allura, da gashi da motsa gaɓoɓin da suka shanye. Kashi na biyu aikin ƙarfi, kamar ɗagawa, da juyawa, da wanka, da wanki, da kwanan zaune. Kashi na uku aikin zumunci, shi ne mara lafiya ya ga fuskar ɗansa, ya ji muryarsa, a shawarce shi a kan gonarsa da auren jikarsa kamar yadda aka saba, ya san har yanzu shi uba ne a gidan, bai zama kaya ba.

Amma kashi na farko, miƙa shi ga masani halal ne, kuma yakan zama wajibi, domin wanda bai iya ba idan ya sa hannu cutarwa zai yi, kyakkyawar niyya ba ta hana ƙwayar cuta shiga gyambo. Amma kashi na biyu, ɗa ya yi da hannunsa shi ya fi falala, idan ya kasa saboda nisa, ko rauni, ko neman abin da za a yi jinyar da shi, ya ɗauki wani da lada, babu laifi a kansa, wannan ijara ce ingantacciya kamar sauran ijarori. Amma kashi na uku, ba a sayensa, ba a wakilta shi. Ko ka ɗauki ma'aikata 10, yana nan a wuyanka, domin zumunta a ƙafa take.

Kadan ka ce: ai wannan baƙon abu ne, iyayenmu ba su san bare a cikin jinya ba. Sai mu ce: ungozoma fa, wadda ke shiga ɗakin mai haihuwa? Wanzami fa, wanda ke zuwa har zaure ya yi ƙaho, a ba shi dami da kaka? Maɗori fa, wanda ake ɗaukowa daga wani gari domin karaya? Dukansu bare ne, dukansu ana ba su lada, ba a taɓa cewa wanda ya kira su ya yar da ubansa ba. Abin da ya sauya shi ne gandu ya watse. Da, magidanci da 'ya'yansa da matansu suna gida guda, hannuwa da yawa, jinya tana zagayawa ba a ji nauyinta ba. Yau samari sun tafi Kano da Kaduna da Abuja da Legas, aikin mutum 8 ya koma kan mutum 2.

Kadan ka ce: ai lada tana tare da wahala, idan na biya wani ya kwashe ladata. Sai mu ce: wannan magana a zahirinta taƙawa ce, a baɗininta son rai ne. An shar'anta jinya domin amfanin mara lafiya. Wanda ya hana ubansa hannun da ya fi nasa iyawa domin ya tara wa kansa lada, ko domin a ce wane ɗa ne nagari, ya mai da tsohon tsani yana takawa. Nafsu tana da wayo, takan ɓuya a cikin hidima kamar yadda take ɓuya a cikin dogon carbi.

Kadan kuma ka ce: to, na aika kuɗi, na ɗauki ma'aikaci, na sauke nauyi. Sai mu ce: wannan ita ce ɗaya ƙofar halaka, kuma ta fi ta farko yawan masu shiga a wannan zamani. Mun ga wanda ke aiko da kuɗi ta waya duk wata ba fashi, amma idan ya zo sai ya tsaya a bakin ƙofa, yana toshe hanci, ya yi sannu, ya fita zaure wurin abokai. Tsohon yana lura, ko da bakinsa ya karkace ba ya iya faɗi. Misalin wannan kamar misalin wanda ya gina masallaci ya yi masa shimfiɗa, bai taɓa shiga ya yi sujada ba.

Fasali na huɗu, a kan masu zuwa gidaje da yadda ake rarrabe su

Ka sani kawo lafiya ƙofar gida manufa ce da aka daɗe ana bi. A shekarar 1978 ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma Ata suka yi ittifaƙi a kan kai kiwon lafiya na matakin farko kusa da inda mutane ke zaune. A Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya tsaya a kan wannan, aka yawaita ƙananan asibitoci a ƙauyuka da ma'aikatan lafiya na al'umma. A shekarar 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin horar da mutanen unguwa, mafi yawansu mata, su riƙa shiga gidaje suna wayar da kai suna tura marasa lafiya asibiti. Kun ga kuma masu zagayawa da damina suna ba yara maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro wata-wata, daga ɗan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5.

A cikin al'amarin shan inna akwai wa'azi. A shekarar 2003 aka dakatar da rigakafinta a Kano saboda zato, aka komo da shi a 2004, cutar kuwa ta yaɗu a tsakani, yara suka shanye. Da sarakuna da malamai suka shiga, aka buɗe ƙofofi ga masu bi gida-gida, sai ya zama yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama a jihar Kano a Sumaila ne a 2014, kuma a 2020 aka shaida Afirka ta rabu da ita. Ka ga rufe ƙofa ga masani ba tawakkali ba ne. Tawakkali aikin zuciya ne, riƙon sababi aikin gaɓoɓi ne, ba sa cin karo. Ka yi wa tsohonka tofi da addu'a safe da yamma, kuma kada ka yanke masa maganin hawan jini domin ya ji sauƙi, domin wannan ciwo yakan yi shiru sa'an nan ya sake bugu.

A manyan birane kamar Legas da Abuja akwai kamfanoni masu aika ma'aikatan jinya gidaje da kuɗi. A ƙauye kuwa galibi yarjejeniya ce tsakaninka da malamin asibitin da ke kusa, ya zo bayan ya tashi aiki. Amma ba duk mai jaka da allura ne masani ba. Ga alamomi 4 na amintacce. Ta farko, ya yi karatun aikin a makarantarsa, yana da takardar shaida, ba ya fushi idan an tambaye ta. Ta biyu, ya san iyakarsa, yakan ce wannan ya fi ƙarfina, ku kai shi asibiti. Ta uku, ba ya mai da kowane zuwa allura da ƙarin ruwa domin kuɗi su ƙaru, yana bin abin da likita ya rubuta. Ta huɗu, yana rufe sirrin gida, abin da ya gani a ɗaki ba a jinsa a majalisa. Kuma a nemi namiji ga namiji, mace ga mace. Idan lalura ta tilasta saɓanin haka ya halatta gwargwadon lalurar, a buɗe wurin aiki kaɗai a rufe saura.

Fasali na biyar, a kan haƙƙin mai yin jinya

Wannan shi ne fasalin da aka fi gafala da shi. Ka sani, ya kai ɗan'uwa, jinyar iyayenka a wuyanka take, shari'a ba ta wajabta wa matarka ita ba. Idan ta yi, kyautatawa ce daga gare ta, bashi ne a kanka. Mace tana goyo, tana daka, tana girki, tana ɗebo ruwa, sa'an nan tana wanke ƙazantar surukinta, ta kwana ido biyu wata 7, ran da ta yi tsaki sau ɗaya sai a ce ba ta da tarbiyya. Masu faɗin haka kuwa ko dare guda ba su taɓa kwana a ɗakin ba. Ku ji tsoron Allah a kan waɗannan bayi nasa, domin zaluncin cikin gida hijabi ne mai kauri, yawan wuridi ba ya keta shi.

Haƙƙinta a kanka shi ne ka nema mata mai karɓarta ta yi barci, ka bar ta ta je gidansu, ka kai ta asibiti idan bayanta ya kama ciwo saboda ɗagawa, ka gode mata a gaban danginka, kada ka tuhume ta idan ciwon ya ƙaru. Haka tsohuwar da ke jinyar mijinta, kada a bar ta har a wayi gari marasa lafiya sun zama biyu.

Amma wanda aka ɗauka da lada, sharaɗin ijara shi ne a san aikin, a san lokacin, a san ladan, tun kafin a fara. Kada a ɗauke shi domin kwana da tsoho sa'an nan a ɗora masa kiwon awaki. A biya shi a kan lokaci ba tare da ya yi roƙo ba, a ba shi sabulu da safar hannu, a ci da shi, a kira shi da sunan girma. Wanda ke wanke abin da kai ɗan cikinsa kake ƙyama, bai cancanci wulaƙanci ba. Shi kuma ya sani amana ce a hannunsa. Karɓar lada ba ta ɓata ladar Lahira idan niyya ta gyaru, kamar yadda ba ta ɓata ta malamin makarantar allo. Amma ya ji tsoron Mai ganinsa da tsakar dare, sa'ad da babu kowa sai shi da wanda ba ya iya kai ƙara.

Fasali na shida, a kan ladubban jinya da abin da ya hau kan jama'ar zawiya

Daga ladubbanta, a juya wanda ba ya iya juya kansa kamar duk sa'a 2, dare da rana, a riƙa duba ƙugu da ɗuwawu da dunduniya da kafaɗa, domin nan gyambon kwanciya ke farawa. Idan an ga wuri ya sauya launi a ɗauke nauyi daga kansa tun bai fashe ba. Kada a bar shi cikin jiƙaƙƙen zane. A zaunar da shi kafin a ba shi abinci, a ba shi kaɗan-kaɗan, kada a yi masa ɗura yana kwance, domin mai shanyewar jiki yakan shaƙe, abinci ya faɗa huhu. A wanke hannu da sabulu kafin taɓa shi da bayansa. A motsa masa hannu da ƙafar da suka shanye kowace rana kamar yadda masu gashi suka nuna, domin kada su sandare. A ɗaura masa gidan sauro. Idan mai tarin fuka ne a buɗe taga, a tsare shan maganinsa har wata 6 su cika ko da tarin ya tsaya. Idan aka ga baki ya sake karkacewa, ko magana ta sarƙe, ko numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi mai zafi ya zo, a nufi asibiti a take, kada a jira gari ya waye.

Daga ladubbanta kuma, a nemi izininsa kafin a buɗe jikinsa, a yi magana da shi, kada a yi magana a kansa kamar ba ya nan. A tuna masa lokacin salla, a kawo masa abin taimama idan ruwa zai cutar da shi, ya yi salla a zaune ko a kwance gwargwadon ikonsa. Idan ya ruɗe ya zage ka, ciwo ne ke magana, kada ka rama, kada ka kai labarinsa waje. Mai zuwa dubiya ya taƙaita zama, ya yi addu'a, kada ya kawo labarin wanda irin ciwon ya kashe, kuma kafin ya fita ya tambayi mai jinyar abin da take bukata.

Amma jama'ar zawiya, ku sani hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A jihar Kerala ta ƙasar Indiya, tun daga shekarar 2001, mutanen unguwanni suka tsara kansu, 'yan sa kai suna zagaya gidajen masu doguwar jinya, ma'aikatan lafiya suna bin bayansu, kuɗin kuwa mafi yawansa daga ƙananan gudummawar jama'a yake fitowa. A gundumar Malappuram, wadda mafi yawan mutanenta Musulmi ne, abin ya fara ƙarfi. Mu ma muna da tushen irin wannan tsari. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara jajis suna kai ilimi ga mata har ƙauyuka, aka kira jama'arsu 'Yan Taru. Ku da kuke haɗuwa kowace rana domin zikiri, me zai hana muƙaddami ya rubuta sunayen masu kwance a unguwa, a raba darare tsakanin samari, mata su raba yini tsakaninsu, a ajiye asusu domin sabulu da magani da kuɗin mota, a yi wa gonar mara lafiya gayya da damina? Kuma kada a tambaya ko ɗan ɗariƙarmu ne, ciwo ba ya tambayar wannan.

Cikawa, a kan amsar mai tambaya

Ya kai ɗan'uwa, ka fara da shawartar mahaifinka da kansa, ko da da ishara zai amsa, sa'an nan mahaifiyarka, domin jikinsa ne kuma ɗakinta ne. Idan sun yarda, ka zauna a kan sana'arka, neman kuɗin maganinsa yana cikin jinyarsa. Ka ɗauki malamin asibitin bayan ka bincika shi, ka ɗauki saurayin bayan ka san halinsa. Ka ɗora wa ƙaninka rabonsa na kuɗi da na zuwa. Ka yanka wa kanka lokaci sananne, ko duk mako ko duk mako biyu, ka zo gida, daren nan ka sallami ma'aikaci, kai za ka juya tsohon, kai za ka wanke shi, kai za ka ba shi kunu, ka ba shi labarin kasuwa, ka yi wuridinka a gefensa yana ji. Baffanninka kuwa kada ka yi musu da su, iyaye ne, kuma tsoron da suke ji na kada a yar da ɗan'uwansu tsoro ne mai asali. Ka je ka durƙusa ka ce: "Baffa, na kasa ni kaɗai, ku taimake ni da 'ya'yanku, kowane gida dare ɗaya a mako." Wanda ya karɓa ka samu mataimaki, wanda ya ƙi ba zai sake zarginka ba.

Kuma ka tuna wannan tsoho ya ɗauke ka sa'ad da ba ka riƙe fitsari, yana murna yana fatan ka rayu. Ka roƙi Allah ya tsare zuciyarka daga ƙosawa, idan ta zo maka ka yi istigfari ka sake niyya, domin gajiya ba zunubi ba ce, abin da ake yi da ita shi ake tambaya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sanya ciwonsu kaffara, ya ƙarfafi masu jinyarsu, ya saka wa ma'aikatan lafiya masu amana da alheri, ya ba mu masu jin ƙanmu ranar da ƙarfinmu ya ƙare, ya sa mu cika da imani. Abin da muka dace daga Allah ne, abin da muka kuskure daga gare mu ne, Allah shi ne mafi sani. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman matan gida, kuma ya sa mu a addu'a.

Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.